Ƙullin Ƙarshe

Da tsakar rana bangon tashar mota ya yage kamar tsohon zane, baƙaƙen hannayen aljanu suka fara miƙowa ta ciki. Kowa ya ranta a na kare, ban da 'yar tela. Da tambarin allura a tafin hannu aka haife ta, tun tana goye ake cewa ita za ta ɗinke wannan ɓaraka.

Ta zura zare, ta hau ɗinki, hannayen na yakushinta. Saura taki ɗaya sai ga babanta, tsohon telan da ciwon ido ya raba da keke, yana dogara sanda.

"Wannan ne ɗinki? Kin ba ni kunya! Kawo nan."

"Baba, koma gida! Ni aka zaɓa."

"Wanda ya zaɓe ki ya tambaye ni? Ni na haife ki!"

Ya fizge allurar, ya hankaɗe ta gefe, ya kutsa cikin ɓarakar. Ya ja zaren daga ciki, bango ya haɗe ruf.

Sai a lokacin ta tuna darasin farko da ya koya mata a shago: ɗinkin kirki, daga ciki ake ƙulle shi.