Madarar Bayan Dutse

Ƙawata Muslimat, matso kusa, ki ajiye tsintar wakennan. Labarin Saude zan ba ki, matar Tasi'u ta Kusasu, kamar yadda ya faru ba kamar yadda ake faɗa a bakin rijiya ba.

Ranar da mutanen daji suka tare hanyar Randagi, Saude ta fito ne sayen maganin tari. 'Yarta Sadiya, wata huɗu da haihuwa, tana gida a hannun kaka. Da la'asar sai ga Saude a tsakiyar daji, ita da wata dattijuwa mai suna Tasalla, an nuna musu murhu da tukwane.

Ogan dabar, Audi, gyambon ciki ne ke cinsa. Tuwo ba ya zama masa, nama ba ya zama. Shayi kawai yake sha, sau uku a yini, kuma sai da madarar gwangwani. To ga sojoji sun toshe hanyar da ake shigo musu da kaya, shanun kuma an kora su can nesa saboda jirgin yaƙi. Gwangwani ɗaya ya rage, a kwana na biyu ya ƙare.

"Ke mai girki," in ji Audi, yana dafe da ciki. "Ki nemo min madara. In kika riƙe ni har kaya suka iso, na rantse da kabarin uwata zan sake ku. Ranar da shayi ya zo min baƙi kuwa, ku yi sallar ƙarshe."

Saude ta duƙa ta ce, "To, ranka ya daɗe." Zazzaɓi ne a jikinta tun jiya, ko hannu ba ta iya ɗagawa sai ta cije leɓe.

Cikin kayan da suka kwaso daga gonakin mutane akwai gyaɗa, da waken suya, da rabin buhun aya. Ta fara da gyaɗa: ta daka, ta tace, ta dafa. Mai ya taso saman kofi, Audi ya watsar. Ta jiƙa waken suya ta murje ɓawon, ta tafasa har sau biyu. Ya kurɓa ya tofar, ya ce gafi. Aya ce ta ɗan yi kusa, fara tas, ga zaƙi. Ya sha rabi, ya juya kofin a ƙasa a hankali.

"Ruwan aya kika kawo min, kamar ɗan makaranta? Gobe da safe ne na ƙarshe."

Tasalla ta zauna tana kuka, tana kiran sunayen jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Saude ta yi alwala, ta yi raka'a biyu, ta daɗe goshinta a ƙasa. Da ta ɗago sai ta ɗauki ƙaramin kwano da mataci ta nufi bayan wani dutse. Mai gadinsu ya tsayar da ita.

"Sirrin sana'a ne," ta ce. "In namiji ya gani, tsinkewa take yi."

Ya yi dariya ya ƙyale ta.

Da safe Audi ya kurɓa, ya shanye, ya miƙo kofi a ƙara. Ranar ce kuma zazzaɓin Saude ya sauka.

Haka aka shiga lissafin kwana. Tasalla na dakan aya, Saude na zuwa bayan dutse sau uku a yini. Ita da ba ta da ci, ta koma kankare ƙanzon tukunya, tana shanye ragowar kunu, tana ɗirkar ruwa kamar raƙumi. Tasalla ta ce, "'Yar nan, a wannan hali kike da bakin ci?" Ta ce, "Inna, dole ce." Wani yinin abin da ke kwanon bai rufe gindinsa ba. Ta ƙara aya, ta miƙa kofin. Audi ya dube ta ya daɗe, hannunsa kan bindiga, sannan ya ce, "Yau kin yi ƙwauro."

Kwana talatin da uku, babur ya iso da kwalin gwangwani. Aka huda ɗaya aka zuba masa. Ya sha ya yamutsa fuska.

"Wannan bai kai naki ba. Me kike sawa?"

Saude ta sunkuyar da kai. In ya fasa sakinsu fa?

"Aya ce, da ɗan gishiri, da bisimilla. Ka rantse da kabarin mahaifiyarka, ranka ya daɗe."

Ya kawar da kai, ya ce a kai su bakin hanya.

Ta tarar da Sadiya ta zama ƙashi da fata, ta ƙi koko, ta ƙi nonon akuya, kukan ma ba ya fita. Tsofaffi suka ce kada ta wahalar da kanta, macen da ta yi wata ba ta shayar ba ai ta ƙafe. Saude ko ƙafa ba ta wanke ba ta zauna ta rungume 'yarta. Yarinya ta kama, aka ji tana haɗiya har daga bakin ƙofa. Mata suka yi ta kabbara, har yau cewa suke karama ce Allah ya yi mata.

Rahamar Allah kam ita ce, ban musa ba. Amma don girman Allah, Muslimat, kada wannan ya wuce ni da ke, ko Tasi'u bai sani ba: abin da Audi ya sha kwana talatin a shayinsa, abincin Sadiya ne.