Kyanwar da Ba Ta da Makunni

Tun da aka hana kiwon dabba mai rai a birni, kyanwoyin inji kaɗai Likita Tanimu ke dubawa a asibitin da yake koyon aiki. Ran nan wata tsohuwa ta kwance zani a teburinsa, sai ga kyanwa da karyayyar ƙafa.

Ya laluba wuyanta zai kashe ta. Sai ya ji ɗumi, irin na kyanwar kakarsa.

"Inna, ina makunnin?"

"Ɗan nan, wannan Allah ne ya kunna ta. Ƙararmu za ka kai?"

Tanimu ya tura ƙofa da ƙafa, ta rufu.

"Zan yi mata ɗori, Inna. Amma bari in ɗan rungume ta tukuna."