Layin da Dogo Yake Gogewa

Tudun ya sake ɓacewa daga zanen sakamakon bincikenta. Dakta ta ɗago kai daga kwamfuta ta harari Dogo, wanda teburinsa ke kallon nata. Shayinsa yake kurɓa kamar bai san komai ba.

Aikin sashensu shi ne tace bayanan na'urar da ke gwara ƙwayoyin zarra da juna. Manhaja ɗaya ce ta kowa, kowa ya rubuta nasa lissafin ya liƙa a ciki, kuma kowa na iya taɓa na wani. Nata lissafin, rariya take ce masa. Ranar da ta gama shi ta yi abin da kowa ke yi: ta sa manhajar ta zuba ƙwayoyin bogi ta ga ko zai kama su. Don wasa ta raɗa musu sunan 'yarta, Auta. Ya kama su tsaf.

Da ta sake shi kan bayanan gaske sai ga tudu ya taso a zanen, a inda ba a taɓa ganin komai ba. Sabuwar ƙwaya ke nan! Ga kwantiraginta na gab da ƙarewa, wannan tudun ne kaɗai zai sa a sabunta shi.

Sai tudun ya fara ɓacewa. Ta dawo da tsohon lissafinta, ya fito. Ta je sallah ta dawo, babu shi. Manhajar kuwa ba ta rufa wa kowa asiri: Dogo ne ke goge layi ɗaya. Ko kallon layin ba ta tsaya yi ba, haushi ya rufe mata ido.

"Dakta, ki ba ni minti biyu mu kaɗai," in ji shi.

"Ka ajiye bakinka sai gaban Oga."

Ranar taron sashe ta mayar da layin, ta haska tudunta a bango, ta nuna Dogo da yatsa. Hassada ce, in ji ta, ba komai ba. Dogo ya sunkuyar da kai.

Oga ya gyara tabarau. "To karanta mana abin da yake gogewar."

Ta buɗe shi da ƙarfin gwiwa, ta ɗaga murya yadda na baya za su ji: "A zuba Auta."