Jitar Bayan Danga

Da Jonah ya buɗe baki, sai hannunsa ya tsaya cak. Da hannun ya kama kiɗa, sai baitin ya gudu daga kansa. Mako na uku ke nan ana wannan rigima tsakanin baki da hannu a bayan wani sito a Idu, inda yake tuƙa motar ɗaukar kaya, kuma saura kwana tara ya tsaya gaban jama'a da jita.

Saleh maigadi, wanda ke cin abincin rana a gefensa, ya ce, "Oga Jonah, ka zaɓi ɗaya mana. Ko akuyar da ke zuwa kallonka ta daina zuwa."

Ai da zaɓi yana yiwuwa da an huta. Shekara ashirin da biyar da suka wuce, Jonah ya tsaya bayan dangar gidan su Margaret a Kuje da la'asar, ya rera mata waƙar da ya tsara, jita na tashi a ƙarƙashin muryarsa kamar ruwan sanyi. Shekara biyu yana bin yarinyar da "sannu da aiki", ya kasa ƙara ko kalma ɗaya. Waƙar nan ce ta yi masa magana, bayan wata uku aka ɗaura aure.

Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, murya kaɗai ce tasa. Abokinsa Andrew ne ya tsuguna a gindin dangar yana kaɗawa. Shi Andrew ɗin ma ba a san shi da kiɗa ba. Haka kawai ya ɓullo wata rana da jitar aro, ya ce, "Kai ka yi waƙar, ni zan yi sauran."

Tun daga nan Jonah ke kare sirrinsa. Yau yatsa na ciwo, gobe jita ta yi tsada. Margaret kuwa duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labarin mijinta makaɗi, tana murmushi tana tsince wake.

Sai ga 'yarsu Gift ta kawo masa sabuwar jita, ta ce Mama ce ta zaɓa da kanta. Wai ranar bikin cikarsu shekara ashirin da biyar zai maimaita waƙar a coci, gaban kowa. Fasto ma har ya sanar. Jonah ya yi godiya.

Ya kira Andrew a Abaji. Andrew ya yi dariya har da tari. "Ni waƙar nan ɗaya na taɓa iyawa, ita ma da kyar aka dura min. Na manta tuni. Ka tambayi mai jitar." Kafin Jonah ya ce wane ne, layi ya yanke.

Ya koma ga masu koyar da jita a bidiyon waya. Suka ce a bar hannu ya yi ta yi har ya daina neman izini: ƙasa, ƙasa, sama, sama, ƙasa. Daga nan a riƙa bin karin waƙar a maƙogwaro, baki a rufe, sannan a sa kalmomi. Ya bi umarni kamar ɗan firamare. Yatsunsa suka yi kanta. Yana kaɗa sitiyari a cunkoson hanyar Kuje, yana kaɗa cinya a wurin addu'a.

Jitar dai, Allah ya sa mata albarka, ta gari ce. Duk yadda ya murɗe tsirkiyoyinta da yamma ya jingine ta a falo, da safe sai ya same ta daidai. Ya gaya wa Saleh cewa na zamani haka suke, da kansu suke gyaruwa.

A gida ba ya taɓa ta sai Margaret ta tafi kasuwa. Amma wani lokaci yakan ji ta a kicin tana ɗan buga faranti da farce, ƙasa, ƙasa, sama, sai kunya ta kama shi. Matar nan ta riƙe kiɗan a ranta shekara ashirin da biyar, shi kuwa ƙarya ya ba ta. Abin ya dame shi ƙwarai, fiye da dariyar da coci za ta yi masa.

Saura kwana biyu ya haɗa baiti ɗaya cur, baki da hannu tare. Saleh ya tafa masa da cokali a baki. Baiti na biyu ne ya ƙi.

Ranar Lahadi coci ta cika maƙil. Aka zaunar da su biyu a gaba cikin atamfa iri ɗaya, Gift ta ɗaga waya tana ɗauka. Jonah ya fara, baitin farko ya tafi sumul, mata suka yi guɗa. Ya ja numfashi ya shiga na biyu, hannun ya mutu a kan tsirkiya.

Ya kawar da makirfo, ya juya ga Margaret.

"Maman Gift, ki yafe min. Ranar nan a bayan danga ba ni na kaɗa ba, Andrew ne."

Margaret ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Ta zare jitar daga hannunsa, ta ɗora a cinya, ta ɗan murɗa kunnen ɗaure tsirkiya ɗaya ba tare da ta duba ba, yatsunta suka sauka daidai inda ya tsaya.

"Ci gaba da waƙarka, Baban Gift," in ji ta. "Shekara biyu ina jiranka kana ta sannu da aiki. Wa kake tsammani ya ba Andrew jita, ya koya masa, ya turo shi wurinka?"