Koyil Mai Tsatsa

Sunan garin ya kwanta mini, sunayen mutanen ma haka. Na dai tuna akwai wata ƙatuwar tsamiya a bakin hanya, ko kuwa ɗorawa ce, Allah masani. Abin da ya rage a kaina shi zan ba ka, tun da ka ce idonka ya kasa barin shagon maƙwabcinka.

Wasu manoma ne, wa da ƙane, gonakinsu iyaka ɗaya, kowa da 'yar ƙaramar taraktarsa mai shan fetur, iri ɗaya, a rumfa ɗaya suke ajiye su. Da ruwan shuka ya sauka, sai ta wan ta fara wani hali: da sanyin safiya ta tashi garau, rana na ɗagawa sai ta yi tari, ta yi rawar jiki, ta mutu a tsakiyar kunya. Ya wanke kaburata, ya sake fulogi, a banza. Ga ƙasa na shan iska, wanda bai yi huɗa cikin danshin nan ba ya yi latti. Ya kira bakanike. Shi kuwa bai kwance komai ba sai da ya bar injin ya yi zafi ya mutu a gabansa, don a cewarsa, wannan ciwo ba ya nuna kansa da sanyi. Sannan ya zare fulogi, ya ɗora shi a jikin inji, ya ja igiya, ya yi wa ɗayan ma haka, da yake injin mai fulogi biyu ne, kowanne a ɓangarensa. Ɓangare ɗaya wuta ta fito shuɗiya tana ƙas-ƙas, ɗayan kuwa ja-ja, kamar garwashin da ya kwana. Ya ce koyil ne, wato ɗan dunƙulen nan da ke haɗa wa fulogi wuta. Don ya tabbata, ya musanya koyil ɗin ɓangarorin biyu, sai ciwon ya bi mai laifin ya koma ɗaya ɓangaren. Ya cire shi, ya lalubo wani a jakarsa, tsoho, duk tsatsa, ya goge, ya daidaita tazararsa, ya ɗaure. Inji ya tashi yana gurnani. Mai gona ya yatsina fuska ya tambaya ko babu sabo. Bakanike ya ce, "Alhaji, aiki kake so ko ado? Wannan ɗan asali ne, zai binne ni da kai."

To, da maganar ta tsaya nan da an huta. Amma wan ya daɗe yana kallon ƙanensa. Yana ganin yadda yakan yi 'yan kunyoyi, ya kashe inji, ya je inuwa ya miƙe ƙafa yana shan kunu, sai ya ce a ransa wannan isa ce, yaron da ya goya ne yake nuna masa shi ba ya gaggawa. Da suka ajiye injuna a rumfa ya leƙa na ƙanen, sai ga koyil baƙi wuluk, yana ƙyalli kamar takalmin ango. Ya tuna bakaniken nan abokin ƙanensa ne tun suna yara, ya ce lallai shi aka zuba wa shara, aka ware wa wancan mai kyau. Ranar kasuwa, da ƙanen ya tafi sayen iri, ya ɗauki sifana ya shiga rumfa. Bai daɗe ba ya fito. Mai ƙyalli ya koma injinsa, mai tsatsa ya koma na ƙanensa.

Kashegari ya fita da ƙarfinsa. Hantsi na yi, tarakta ta yi tarin nan da ya sani, ta mutu. Ya tsaya da igiya a hannu, gumi na zuba, yana jin ta ƙanensa a ƙetaren iyaka tana tafiya ba numfashi, har azahar ba ta tsaya ba. Ashe zaman inuwar nan ba isa ba ce, lallaɓa mara lafiya ake yi, a bar shi ya huce. Ga shi ba ya iya cewa a ba shi abinsa, ba ya kuma iya kiran bakanike, don da ya buɗe zai gane aikin hannunsa ba ya nan. Haka ya yi ta kunya biyu, hutu, kunya biyu, hutu, har danshi ya tsere masa. Da ƙanen ya gama tasa gonar, ya ƙetaro da injinsa ya ce, "Yaya, matsa in kama maka. Ni dai ban san abin da ya sami motar nan ba, kwana biyun nan kamar an yi mata addu'a." Wan ya koma gindin bishiya, yana kallon koyil ɗinsa na huɗe masa gona, kuma dole ya ce an gode. Shukarsa ta zo a makare, geronsa bai kai kafaɗar na ƙanen ba.

Na ce maka abubuwa sun zube mini, amma wannan na bincika. Bayan shekaru na gamu da bakaniken a wajen wata jana'iza, na tambaye shi. Ya ce mai ƙyallin jabu ne, da 'yar tsaga a gindinsa, shi da kansa ya hana ƙanen saye bai ji ba. Mai tsatsar kuwa, har ranar da muke maganar, yana jikin injin ƙanen yana ba da wuta. Shi ya sa masu iya magana suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.