Sakatar Baƙo

Shekara ashirin da biyu mai walda ya yi a layin nan, amma har yau sunansa Baƙo. A nan ya yi aure, a nan aka haifa masa 'ya'ya huɗu, a nan furfura ta same shi. Da wuya ka nuna ƙyaure ko ƙarfen taga a layin wanda bai bi ta hannunsa ba. Duk da haka, in ya buɗe baki sai yara su kwaikwayi harshensa, manya su yi dariya ƙasa-ƙasa.

Yana da wata ɗabi'a a aikinsa. Duk ƙarfen tagar da ya ƙera sai ya bar 'yar ƙofa a jiki, mai sakata ta ciki, daidai yadda mutum zai iya fita. A ƙasar da ya baro lokacin yaƙi, da idonsa ya ga ƙanwarsa riƙe da ƙarfen taga, wuta na cin ɗakin, babu mafita. Bai cika ba da wannan labari ba. In an tambaye shi sai ya ce an yi ƙarfe ne don hana ɓarawo shiga, ba don hana mai gida fita ba.

Kwatsam sai aka yi sata sau biyu cikin wata guda. Kowa ya san ta katanga ɓarayin suka haura, amma kun san halinmu, laifi tudu ne. Shugaban layi ya tara jama'a a ƙofar gidansa, ya ce ruwa ba ya tsami banza. Wai 'yar ƙofar nan hanya ce Baƙo yake bar wa 'yan uwansa ɓarayi, ai irinsu haka suke. Nan take aka yanke shawara: kowa ya liƙe tasa, kada a ƙara ba shi aiki, kuma ya tattara ya bar layin kafin ƙarshen wata.

Mai walda ya miƙe. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya yi wa ƙofofin da suke kwana a bayansu.

"Babu inda za ni," in ji shi. "Sakatar nan ta ciki ce, ɓarawo ba ya buɗe ta daga waje, kun kuma sani. Ku hana ni aiki in kun ga dama, amma don Allah kada ku liƙe tagogin nan."

Aka yi masa ihu, wani ma ya kwaikwayi maganar tasa.

Washegari shugaba ya ɗauko wani mai walda daga nesa, aka fara da gidansa. Mahaifiyar shugaban, tsohuwa mai ciwon ƙafa da ke ɗakin baya, ta yi ta cewa a bar mata tagarta. Ita kaɗai ce a layin take kiran Baƙo "ɗana". Shugaba ya ce, "Inna, ba ki san mutanen nan ba ne." Aka liƙe ƙofar tagar tata gam.

Mako biyu shagon Baƙo babu ko tartsatsi. Matarsa ta ce su haƙura su tafi, ya ce in ya gudu ya amsa sunan ɓarawo ke nan. Kullum sai ya buɗe shago, ya share, ya zauna a bakin ƙofa kowa na ganinsa.

A nan yake zaune ranar Talata da rana tsaka, ya hango hayaƙi daga gidan shugaba. Wayar lantarki ce ta kama a falo, wuta ta tare hanyar ɗakin baya, tsohuwa na ciki ita kaɗai. Mutane suka taru da bokitai suna salati. Baƙo ya suri guduma da zarton ƙarfe, ya ratsa su ya zagaya bayan gida.

Ga tsohuwa nan riƙe da ƙarfe, yatsunta na laluben sakata. Ta zare ta ma, amma ƙofar ta ƙi motsi. Ya yi ta yanka, ya yi ta duka, fatar hannunsa na saɓulewa saboda zafi. Abin da yatsa ɗaya zai buɗe, sai da ya ci minti goma. Da ya jawo ta waje tana numfashi sama-sama. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan kwana uku shugaba ya zo shagon, ya tsaya, ya kasa ɗaga kai. Mai walda bai ba shi kujera ba. Ya nuna masa hannayensa da ke naɗe da bandeji, ya ce:

"Ni ma uwa na rasa, don ita ce ta kira ni ɗa. Ka gaya wa mutanenka, da hannun nan ya warke zan bi gida-gida in buɗe duk tagar da kuka liƙe. Wanda yake son korata, ya san inda nake zama."

Jama'a, mu auna mutum da aikinsa da halinsa, ba da harshensa ko ƙasar da ya fito ba. Ƙofar da ka liƙe don ƙin baƙo, wata rana kai za ta hana fita.