Farin Tsako Cikin Baƙaƙe

Shekarar da Gana ta sami 'yanci, babana na kiwon ƙananan kaji baƙaƙe wuluk a zangon Tamale, zai kai su bikin nunin kayan gona. Aikina tsare akurki, kada zakaran maƙwabta ya ɓata masa iri.

Wata la'asar aka ƙyanƙyashe, tsako ɗaya ya fito fari fat. Baba bai tambaye ni komai ba, ya ɗauko bulala.

Kakata ta ɗora tsakon a tafinta, ta hura gashinsa.

"Ajiye bulalar nan, Alhassan. Yaro bai buɗe ƙofa ba. Farar kazata ce ta dawo."

"Wace kaza, Mma?"

"Kakar kakarsu. Wadda na yanka wa matarka ranar da ta haifi wannan. Kai romon kawai ka sani."

Shekara takwas da cinye ta, ashe farinta na kwance cikin baƙaƙen nan yana jira. Ban yi boko mai nisa ba, har yau ban san inda ya ɓuya ba. Amma ranar na fara jin tsoron Allah da kaina, ba don malam ya ce ba.